Tsofaffin riguna da zannuwa: a adaka za su zauna ko a hannun masu tarawa?

Malamin Samaru:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so in kawo maganar tara tsofaffin tufafi, masu aikin allura da waɗanda ake buga wa zane, domin a wasu ƙasashe wannan harka ce mai zaman kanta, da dillalanta da masananta da ranakun gwanjonta. Ni ma ina ɗan taɓawa gwargwadon aljihun malamin makaranta. Ina da rigunan saƙi na nan Zazzau, da adire, wato zanen rinin shuni na Yarabawan Abeokuta, da suzani guda, wato babban ƙyalle mai aikin allura, ta Bukhara a ƙasar Uzbekistan, da kantha, wato shimfiɗa mai ɗinkin hannu ta yankin Bengal na Indiya da Bangladesh, da 'yan turamen atamfar Kaduna na lokacin da masaƙu suke aiki. Abin da ya dame ni shi ne, a garin nan ake ɗinka aska takwas da malum-malum, amma tsofaffinsu ba su zama a garin. Dillalai suna bin gidajen Birni suna saye da araha, kayan su wuce Kano ko Legas, daga can kuma sai Landan da Faris. Ra'ayina shi ne ya kamata mu da kanmu mu shiga tarawa, namu da na wasu ƙasashe gaba ɗaya, domin sai mutum ya ajiye rigar Zazzau kusa da aikin Bukhara yake gane matsayin abin da ke hannunsa. Ina neman ra'ayin manya da masu sana'a.

Baba Maɗinki na Kwarbai:
Wa alaikumus salam. Malam, jikana ne yake rubuta mini, amma maganar tawa ce. Ban yarda da kai ba tun daga tushe. Riga don sawa aka yi ta, kuma wanda bai ga aska takwas a jikin mutum ranar Hawan Daushe ba, an naɗe hannuwanta a kafaɗa, shafin alharini yana leƙowa daga ƙasa, bai ga rigar ba tukuna. Idan ka shimfiɗa ta a bango ko ka rufe ta a gilashi, ƙyalle kawai ka ajiye.

Bari in gaya maka hannu nawa riga ɗaya take bi. Mata su kaɗa zaren, marini ya rina, masaƙi ya saƙa shi siriri-siriri, maɗinki ya harhaɗa layukan ɗaya bayan ɗaya har su zama riga. Sai a kai wa mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri mai kyan hannu, ya fitar da askake da tambari da gidan biyar a kan aljihu da wuya. Daga nan mai aiki ya zauna a zaure da allura wata da watanni. Tsamiyar ma ba haka ake samun ta ba: gidan tsutsa ne da ake cirowa daga itace, a dafa shi da toka har danƙon ya fita, sannan a kaɗa. Bayan an gama a kai wa mabugi ya buge ta a kan gungume har aikin ya kwanta ya yi sheƙi. In kana son sanin gwani, juya rigar ka dubi bayan aikin. Na gwani ba ka ganin zare yana tsallake-tsallake, kuma 'yan ramukan nan da ke cike aljihu za ka same su kai ɗaya, babu wanda ya fi wani faɗi. Kuɗin da za ka kashe wajen sayo aikin Bukhara, da ka ba yaro ya zauna ya koyi wannan, da ya fi mana amfani.

Hajiyar Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku maza kuna magana kamar yau aka fara tara tufafi a ƙasar Hausa. Mu mata mun daɗe muna yi, sai dai ba a kira shi da wani babban suna. Kowace tsohuwa ta gidan mutunci tana da adakar da ba ta buɗewa sai da dalili, kuma a ciki za ka sami turamen lefenta da ba a taɓa sa musu almakashi ba, da zanen saƙi na uwarta, da gwado, da fatala. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana iya ɗaga turmi ta gaya maka a bikin wa aka yi yayinsa, da wanda ya sayo shi, da matar da ta yi fushi don ba a ba ta irinsa ba. Kuma mafi yawan abin da ke cikin adakar nan ba a Zariya aka yi shi ba. Atamfar Holan ce, da ta Ingila, da mayafan da alhazai suke tsaraba da su daga Makka. Saboda haka in Malam ya ce a haɗa namu da na waje, ni ban ga baƙon abu ba. Game da koyar da yara kuwa, Baba ya sani yanzu mata ne suke riƙe da kaso mai yawa na ɗinkin hannu a cikin Birni, har akwai ƙungiyar mata masu ɗinki mai sunan Sarauniya Amina da aikinsu yake fita waje. Su ma suna bukatar ganin tsohon aiki in za su kwaikwaya, kuma ba za su gan shi ba in duk an sayar.

Ɗalibar Sashen Zane:
Ina neman afuwar iyayena kafin in sa baki. Baba, ita kanta rigar da ka siffanta akwai ƙasashen waje a jikinta. Alharinin da ake yi mata shafi da shi ragowar siliki ne na masaƙun Turai, ana rina shi ja a Arewacin Afirka, fatake su ratso Sahara da shi ta Tarabulus har Kano. Atamfar da Hajiya ta ambata kuma asalinta batik ne na tsibirin Jawa a Indunusiya, inda ake zuba narkakken kaki a kan yadi don ya hana rini shiga. Mutanen Holan ne suka so su yi shi da inji, kamfanin Vlisco da aka kafa a garin Helmond a 1846 yana cikinsu, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar ta karkato Afirka ta Yamma ta zauna.

Tarihin yadin da ake buga wa zane ya fi haka nisa. A Fustat, wato tsohuwar Alƙahira, an tono guntayen yadin auduga na Gujarat ta Indiya da aka buga da hatimin katako, waɗansunsu sun haura shekara 600, kuma gidan tarihi na Ashmolean da ke Oxford yana riƙe da fiye da guda 1,200. Wani mutum ne ya bi dillalan Masar yana sayen waɗannan tsummokara, da bai saya ba da an rasa babbar shaida ta yadda cinikin yadi ya kasance tsakanin Indiya da Masar a wancan zamani. Yadin Indiya mai furanni ya taɓa rikita Turai har Faransa ta haramta shigo da shi a 1686, ba ta ɗage haramcin ba sai 1759, Ingila ma ta hana sawa a 1721, duk don kare masaƙansu na ulu da siliki. Shekara ɗaya bayan ɗage haramcin Faransa, wani mai suna Oberkampf ya buɗe masana'antarsa ta buga zane a Jouy kusa da Faris, wadda yadinta masu tarawa suke rububi har yau.

Suzanin da ke hannun Malam kuma tana da abin da za ta koya mana. Kayan ɗakin amarya ce. Mace ɗaya take zana ta a kan faffaɗan ƙyallaye, a rarraba wa matan gida kowa ta yi nata, sannan a haɗe. Shi ya sa a tsohuwa ta gaske za ka ga fure ya ɗan goce a wurin haɗi, ko jan wannan ɓangare ya fi na wancan duhu. Wanda ya saba da ganin haka, idan ya dawo kan rigar saƙi, zai fara lura da inda hannu ya canja a cikin aljihu ɗaya.

Baba Maɗinki na Kwarbai:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, maganar canjin hannu gaskiya ce. Babban maɗinki yakan yi askake da wuya da kansa, ya bar wa yaransa cike, kuma ni ina iya nuna miki inda yaro ya karɓa. Amma wannan a zaure na koye shi, ba a Bukhara ba.

Alhajin Sabon Gari:
Tun da an ambaci dillalai, bari in yi magana, don ni ne ake nufi ko ba a kira suna ba. Malam ya ce muna saye da araha. Ina roƙonsa ya biyo ni rana ɗaya ya ga halin da nake samun kayan nan. Na taɓa shiga wani gida aka fito mini da rigar tsamiya daga buhu a ɗakin ajiyar hatsi, gara ta cinye bayanta gaba ɗaya, saura aljihu da wuya. A wani gidan kuma na tarar an yanka wandon kamun ƙafa mai aikin alharini an yi wa yaro shimfiɗa. Idan mai gida ya rasu, tufafinsa su ne abin da aka fi saurin rabarwa, wannan ya ɗauka, wancan a ba shi sadaka, wanda aka ba kuma ya sa ta zuwa gona. Ni aƙalla ina ba magada kuɗi a hannu, rigar kuma ta je inda za a kula da ita. Da babu gara ba daɗi.

Kuma ku sani masu saye na waje ba wawaye ba ne, sun fi mu bin diddigi. Suna ƙirga layukan saƙa, suna duba ko ɗinkin haɗi na hannu ne ko na keke, suna shinshina rigar. Abin da ya ɓata kasuwar shi ne 'yan damfara da suke jiƙa sabon aiki a ruwan shayi, su rataye shi a madafa hayaƙi ya dafa shi, su goge wuyan da dutse don ya yi kamar ya sha jiki. Ana yin haka da rigunanmu, ana yi da suzani a Istanbul, ana yi da kantha a Indiya. Mai son shiga tarawa ya shirya yin asara kafin idonsa ya buɗe. Na sha kai kaya gidajen masu kuɗin garin nan kafin in kai ko'ina, amsar da nake samu ita ce me za su yi da tsohuwar rigar wani, alhali ga shadda sabuwa a kanti.

Lauyan Kongo:
Alhaji, ba na musun abin da ka gani, amma akwai doka a kan wannan, kuma yawancin masu harkar ba su san da ita ba ko suna yi kamar ba su sani ba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki duk wani aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka kuma abin da ke da muhimmancin tarihi wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya, ko da bai kai waɗannan shekaru ba. Irin wannan ba a fita da shi daga Nijeriya sai da takardar izinin hukumar, kuma dokar ta taƙaita saye da sayar da shi ga wanda hukumar ta amince wa. Rigar da wani hakimi ya hau sallah da ita tana iya faɗawa ciki. Wannan ya shafi Malam ma ta ɗaya ɓangaren, domin ƙasashe da yawa suna da irin wannan doka, kuma akwai yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan safarar kayan tarihi. Wanda ya sayi tsohon abu na wata ƙasa ba tare da takardar da ta nuna yadda ya fito ba, yana iya wayar gari da kayan da ba zai iya sayarwa a fili ba.

Na'ibin Unguwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Abu biyu zan ƙara ta fuskar shari'a. Na farko, tufafin mamaci dukiya ce ta magada kamar gona da gida, ba ya halatta babban wa ya buɗe adaka ya sayar wa dillali, ko ya yi kyauta da ita, ba da yardar sauran ba, balle in akwai marayu a ciki. Da yawa ana raina tufafi a wurin rabon gado saboda ba a san ƙimarsu ba, sai daga baya a ji abin da aka sayar da su a wani wuri, zumunci ya lalace. A nemi wanda ya san kaya ya yi musu kuɗi kafin a raba. Na biyu, wanda ya tara don ajiya da nazari babu zakka a kansu, amma wanda ya saya da niyyar sayarwa idan sun yi tsada, kayan ciniki ne, hukuncin zakkar ciniki ya hau kansa. Batun siliki ga maza kuma, hadisin Sayyidina Umar da ke cikin Muslim ya yi rangwamen faɗin yatsu biyu zuwa huɗu, amma wannan a kan sawa ne, ajiyewa ba ta shiga ciki. Abin da zan ja wa Malam kunne a kai shi ne almubazzaranci, kada sha'awa ta kai mutum ga tauye haƙƙin iyali.

Malamin Samaru:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi nasiha, kuma albashin ma ba zai bar ni in yi almubazzaranci ba. Alhaji, ban ce kai ɓarawo ba ne, kuma na yarda ka ceci riguna da yawa daga gara. Inda muka rabu shi ne abin da yake faɗuwa a hanya tsakanin gidan da ka saya da hannun na ƙarshe. Rigar tana isa Landan lafiya, amma sunan wanda ya sa ta, da unguwar da aka ɗinka ta, da sarautar da aka naɗa shi da ita, duk sun zube tun a Kofar Doka. A takardar gwanjo sai a rubuta cewa ta Hausa ce ko ta Nufe, ƙarni na 19 ko na 20, shi ke nan.

Ku dubi abin da ya sa waɗansu riguna suka fi sauran daraja wurin masana. Waɗanda wani Baturen Ingila, William Allen, ya samo a Egga ta ƙasar Nufe a tafiyar Kwara ta 1841, suna gidan tarihin Birtaniya, kuma da su ake auna shekarun sauran, don kawai an san wuri da shekarar da aka same su. Barth, matafiyin Jamus da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kai wa Tambutu da Ghat da Murzuk har Tarabulus, amma mu da muka yi kayan ba mu da ɗaki guda a Zariya da ɗalibi zai shiga ya ga rigunan ƙarni na 19 a jere da bayaninsu. Wani masani Bature, David Heathcote, a nan jami'ar Ahmadu Bello ya koyar, a zaurukan garin nan da na Kano ya yi bincikensa kan ɗinkin Hausa, baje kolin da ya shirya a 1976 kuma a Landan aka yi shi. Dawo da abu bayan ya fita yana da wuya ƙwarai. Tufafin Paracas na ƙasar Peru, masu kimanin shekara 2,000, an fitar da su a ɓoye zuwa Suwidin a shekarun 1930, ba a fara mayar da su ba sai 2014. Abin da nake roƙo ƙarami ne: duk mai tsohuwar riga ko zane ya zauna da tsofaffin gidansu ya rubuta abin da suka sani, ya ɗauki hoton gaba da baya da cikin aljihu, ko zai sayar ko ba zai sayar ba.

Ɗalibar Sashen Zane:
In za a yi wannan rubutu, akwai alamun da suke taimakawa wajen ƙiyasta shekaru. Rinin kanti na farko an gano shi a 1856, shunin kanti kuma ya shiga kasuwa a 1897, saboda haka launi mai ƙyalli irin na kanti yana nuna aikin bai riga waɗannan shekaru ba. Zaren da aka kaɗa da mazari ba ya zama kai ɗaya, wani wuri kauri wani wuri siriri. Idan zare ya riga ya zare da kansa a gefe, a ƙona ɗan guntu: tsamiya da alharini suna warin ƙonannen gashi, auduga tana warin takarda ta bar toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Wajen ajiya kuma, roƙona kada a wanke, kada a kai wa mai guga, kada a shanya a rana. Kada a ɗaure a leda, domin a watan Agusta na Zariya leda tana riƙe danshi, rigar ta yi fumfuna. A naɗe ta a cikin farin akoko da aka wanke ba sitati, a rage ninki, a riƙa canja wurin ninkin don zare yana karyewa a kan layi. Gidajen tarihi suna kashe asu da ƙwayayensa ta hanyar rufe tufa a sa ta a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har mako guda.

Hajiyar Tudun Wada:
'Yata, firizar da za ta yi mako guda ba a ɗauke wuta ba sai dai a Samaru wurinku, mu a Tudun Wada ba mu gan ta ba. Kafur muka gada, da ɗora adaka a kan duwatsu nesa da bango saboda gara, da fito da kaya a sha iska a inuwa idan hunturu ya kama. Na yarda kada kafur ya taɓa jikin tufa, a ƙulle shi a ƙyalle daban. Maganar rubutu kuwa na karɓa, amma a tura 'yan mata su yi, domin babu tsohuwar da za ta buɗe adakarta a gaban namijin da ba muharraminta ba, kuma ba za ta yarda a sa hoton kayan lefenta a Facebook ba.

Alhajin Sabon Gari:
Malam, in takarda ce ni ba ni da matsala, riga mai tarihi a rubuce ta fi tsada ma a wurina. Sai dai ku sani yawancin masu sayar mini a asirce suke yi, don kada a ce gidan wane ya kai ga sayar da rigar kakansa, kuma ba zan tona asirin wanda ya rufa mini nasa ba. Zan iya rubuta unguwa da zamani, ban da sunan gida. Lauya kuma ya taimaka ya binciko mana yadda ake samun amincewar hukumar, in ba wahalar Abuja ce za ta kashe mutum ba. Kuma na yi alkawari duk abin da ya shigo hannuna zan fara sanarwa a nan kafin in kira Kano, in ya kwana bakwai babu mai saye kada a zarge ni.

Baba Maɗinki na Kwarbai:
Har yanzu ina nan a kan bakana cewa riga ta jiki ce, kuma duk wadda take da sauran ƙarfi a bar jikan mai ita ya hau sallah da ita. Waɗanda suka gaji kuwa, ku kawo mini in duba, zan gaya muku ko aikin Zazzau ne ko na Bida ko na Kano, in na gane hannun gidan da ya yi zan faɗa, yarinyar nan ta rubuta. Sharaɗina shi ne kowane mai kawo riga ya zo da yaro ɗaya da zai zauna ya ga yadda ake riƙe allura. Malam ya taho da ta Bukharan nan ma in ga bayanta. Ku zo ranar Asabar bayan La'asar, in hadari ya haɗu ku bar kayan a gida.